Kwalin Farin Wata da Bijimin Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga karar shanu ta Gummi da kwali a hammata ba, ina tafiya ina ƙobarewa kamar wanda gwamnati ta aiko ya gyara wa dillalai sana'arsu. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Matata Hadiza ta ce in daina ba da labarin nan, wai tonon silili nake yi wa kaina. Ni kuwa na ga tunda duk Gummi an sani, har Bukkuyum labarin ya kai, gara in ba da shi da bakina, ko ba komai na rage gishirin da ake ƙara masa.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a garinmu. Abin ya faro ne daga wata babbar waya da na saya a hannun abokin aikina (ta hannu ce, gilashinta har da tsaga, amma a lokacin ji nake duniya na saya). Ba a yi sati biyu ba wani ya jefa ni cikin wani zaure na masu harkar kasuwannin duniya, irin mutanen nan da ke sayen zinare da hannun jari ta waya ba tare da sun taɓa ganin abin da suka saya ba. A cikin zauren akwai wani mutum mai kwat da tabarau da ke sako bidiyo kullum, kuma karatunsa ɗaya ne: wata ne ke juya kasuwa. Ya ce yadda wata ke jan ruwan teku ya cika ya batse, haka yake jan jinin ɗan Adam. In wata ya cika, zukata su kumbura, mutane su yi ta saye ba tsoro, farashi ya hau. In wata ya ɓuya, zukata su yi sanyi, kowa ya saki kayansa, farashi ya faɗo. Yana magana yana nuna zane, jan layi na hawa yana sauka, ga 'yan watanni an jera a samansa.

Mu mutanen yankin nan da ka ce zinare kunnenmu ya miƙe, domin daga Anka har Bukkuyum da wuya ka sami gidan da zinare bai taɓa ba, ko da alheri ko da akasinsa. Sai na ware littafi guda na shiga bin farashinsa a waya ina gwadawa da wata. Watan farko abin ya yi daidai. Wata na biyu ya yi daidai in ka ɗan karkata kai. Wata na uku ya ƙi sam, sai na rubuta a gefen shafi cewa a daren an yi gajimare (kamar dai masu sayen zinare na duniya sararin Gummi suke dubawa kafin su yi ciniki). Ko ƙwayar zinare ban taɓa saya ba, in faɗa muku gaskiya. Albashin malamin makaranta da zinare sai dai gaisuwa daga nesa.

A ɗakin malamai na hana kowa sakat. Malam Sani mai koyar da addini ya saurare ni rannan har na gama, ya ce shi dai abin da ya gani bokanci ne ya sa kwat. Na ce masa wannan kimiyya ce, ba duba ba. Daga nan suka laƙaba mini Malam Farin Wata, ni kuwa na karɓi sunan hannu biyu, a zatona sarauta aka ba ni.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma akwai Inna.

Inna mahaifiyata ce, kuma shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe mata gani. Da farko zare ta kasa sawa a allura, sai tsintar shinkafa ta gagare ta, har ta kai sai da murya take gane mutum. Likitan ido a Sakkwato ya duba ta ya ce aiki ne mai sauƙi, ya ba mu rana. Kuɗin aikin kuwa yana ɗaure a turke a bayan ɗakuna: wani jan bijimi da Inna ta saya yana maraƙi da kuɗin ƙuli-ƙulinta, ta shekara biyu tana kiwonsa da harawa da dusa da kanwa. Auta take ce masa. Ni da yake ɗan fari ne, tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba, da “kai wanga” na girma har na zama “Malam”. Amma bijimi yana da suna, har da kirari in ya cinye dusarsa. (Ba kishi nake ba, faɗa dai nake yi.)

A daidai lokacin Hadiza tana da tsohon ciki, na fari, bayan shekara biyar muna jira. Inna ba ta da wani zance sai wannan. Ta ce ita ba dogon buri gare ta ba, ranar suna kawai take so a miƙo mata jikanta ta ga fuskarsa da idonta. Kuma komai ya jeru daidai: ranar likita saura kwana goma sha bakwai, haihuwa kuma ana sa ran sai bayan nan da kamar sati biyu ko uku, ido ya warke ke nan. Abin da ya rage kawai a sayar da Auta.

Mai sayarwar kuwa ba a nema ba, Kawu Mamman ne, wan Inna. Shekara arba'in yana dillancin shanu a karar Gummi. Gajere ne, ba ya rabuwa da tsohuwar babbar riga da sanda da ɓarin goro a kunci, kuma ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Amma in ya zagaya sa sau ɗaya, ya dafa tozo, ya matsa bayan cinya, zai gaya maka naman da mahauci zai samu, in an yanka ka tarar bai kuskure ba. Fataken da ke loda shanu zuwa kudu shi suke fara nema, saboda bai taɓa ɓoye aibin dabba ba. In saniya tana tari zai ce tana tari, ko da ta ƙaninsa ce. Tun ina yaro nake ganin girman mutumin nan, sai dai waya ta zo ta ɗan rage masa tsawo a idona.

Ranar kasuwa muka kai Auta kara, ni da Kawu, ni a matsayin wakilin Inna. Ƙarshen wata ne, watan ya ɓuya kwana biyu ke nan. Karar fayau, shanu tsilli-tsilli, ga motocin fatake sun yi layi ba kaya. Auta kuwa sai sheƙi yake yi, kowa ya wuce sai ya waiwayo. Wani bafatake ya taya, Kawu ya ce albarka. Ya ƙara, albarka. Ya tafi ya dawo ya ƙara, Kawu ko kallonsa bai yi ba. A tayi na huɗu ya faɗi kuɗin da zai biya aikin ido da magani da mota, har a sami ragowar sayen wani maraƙin. Kawu ya dube ni ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu zai sallama.

Nan na ce, “Dakata, Kawu.”

Kwalin nan da na ambata, kwalin sabulu ne na farke na shimfiɗa, na kwana uku ina zane a kansa da alƙaluman makaranta: watanni a sama tun daga jinjiri har cikakke, jan layi a ƙasa yana hawa yana sauka. Na hau bencin rumfar dillalai (eh, hawa na yi, da takalmina), na buɗe shi na fara darasi. Na yi musu bayanin teku, mutanen da akasarinsu ruwan da suka sani bai wuce gulbin garinmu ba. Na yi bayanin jini da zukata. Na ce yau wata ya ɓuya, wannan tayin da suke gani mai tsoka, ƙasan farashi ne. Nan da kasuwa biyu wata zai cika, kuma ranar sai an ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan wannan kuɗin, in ba a ƙara ba su canza mini suna. Rumfa ta yi tsit. Ni a lokacin na ɗauka ilimi ne ya ratsa su.

Kawu ya ja ni gefe, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam, sai da bijimin ga yau. Kasuwa biyu nan gaba hwarin wata na, ga bazara. Shanu za su cika karar ga har su rasa wurin tsayi.”

Da ina da hankali, da sai in ce masa don me. Kalma biyu kacal. Ban ce ba. Ce masa na yi wannan zato ne irin na mutanen da, ni kuwa hujja gare ni daga manyan kasuwannin duniya, kuma watan da ke haska su shi ne ke haska Gummi. Kawu ya tauna goronsa ya ce bijimi dai ba nasa ba ne ba nawa ba, a tambayi mai shi. Na kira wayar Hadiza ta kai wa Inna, na sa a amsa-kuwwa don kowa ya ji. Kawu ya faɗi nasa, na faɗi nawa. Inna ta ce, “A yi abin da Malam yac ce. Ba don banza niy yi wahalar karatunai ba.”

Kawu ya juya. Ya koma ya ce wa bafataken albarka, mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya wuce. Kafin mu tafi har na rataye musu kwalin a jikin rumfa, wai don su riƙa dubawa suna ƙaruwa.

Sati biyun nan na yi su ina kallon wata yana girma kamar gonata ce ke yabanya. Kullum bayan magariba sai na fito na duba shi na yi murmushi. Hadiza ta ce tunda ta aure ni ban taɓa kallonta haka ba.

Ranar ta zo. Na sa farar shaddata ta Sallah, ta sha guga, na kafa hula. Kawu ya riga ni wucewa da Auta tun da sassafe. Tun kafin in kai tasha na fara jin kukan shanu, na ce a raina lallai yau kasuwa ta amsa. Da na sha kwanar kara sai ƙafata ta tsaya da kanta. Shanu ne har bakin titi. Farare, jajaye masu dogon ƙaho, bijimai, karsana, tsofaffin shanu, ko'ina ka duba ƙaho ne. Makiyaya sun zauna rukuni-rukuni da sandunansu, ƙafafu fururu, ka san daga nesa suka fito. Fataken nan da sati biyu da suka wuce suke bin Kawu suna lallashi, yau suna zaune a inuwar mota suna shan fura, dillalai ne ke bin su. Na kutsa har na iske Kawu a bakin rumfa ya ɗaure Auta. Na tambaye shi an taya? Ya ce an taya sau biyu. Da ya faɗi kuɗin sai na ga ko aikin idon kaɗai ba zai biya ba, balle magani da mota. Ranar likita kuwa saura kwana uku.

Dillalai ba su manta da ni ba. Akwai wani Ɗan'ige a cikinsu, mutum ne da in ya sa ka gaba sai ka gwammace kiɗa da karatu. Yana hango ni ya miƙe ya share benci da hularsa, ya ce a matsa a ba Malam wuri, ga wata ya cika, an zo jin ƙarin kashi ɗaya cikin uku. Mutane suka fara taruwa, cikinsu har da iyayen ɗalibaina. Mai hankali a nan sai ya ce Allah ya ba ku haƙuri, na yi kuskure. Ni kuwa kwalina na ciro daga jikin rumfa na buɗe, na ce su lura kasuwa ba ta tashi ba tukuna, ƙarfin wata yakan ɗan yi jinkiri, zuwa la'asar za su gani.

Wani dattijon makiyayi, Jaɓɓi, aminin Kawu ne daga wata ruga ta wajen Anka, ya matso yana tambayar me aka zana a takardar. Ɗan'ige ya yi masa fassara, da gishirinta da yajinta. Jaɓɓi bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya dubi watannina ɗaya bayan ɗaya da gaske, har ya yaba yadda na zana cikakken. Sannan ya miƙe ya ce, “Ai yaron ga gaskiya ya hwaɗi, wata na da hannu ga kasuwa. Mu ma shi yak kawo mu.”

Ya yi bayaninsa a hankali, ba da nufin cin fuska ba, wanda hakan ya fi ciwo. Ya ce da bazara ba mai koro shanu da rana, zafi zai zubar musu da nama kafin su iso. Cikin duhu kuwa, yadda hanya ta zama a shekarun nan, ba mai taka ta. Don haka kowa jira yake wata ya yi haske, ruga-ruga su haɗu su yi ayari, su kwana biyu ko uku suna tafe cikin farin wata. Ga shi ciyawa ta ƙare, kowa na son ya rage garke ya sayi dusa da hatsi. Ya ce a rugarsu har mata masu tallan nono sun san in saye za ka yi ka zo da farin wata, in sayarwa za ka yi ka zo da duhu. Sai ya juyo ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, wace makaranta ce ta koya mini abin a juye.

Dariyar da aka yi a rumfar nan, na tabbata an ji ta a tasha. Ni kuwa na rasa inda zan sa kwalin, sai na mai da shi bayana na riƙe da hannu biyu, ina ja da baya. Na manta wanda ke ɗaure a bayana. Ji na yi an fizga. Na waiwaya, ga Auta ya cafke kwalin, ya riga ya cinye jinjirin wata da na kwana bakwai, yana tauna yana lumshe ido. Maimakon in bar masa, sai na ja. Ya ja. Na ƙara ja da ƙarfi, kwali ya yage, na tafi da baya na zauna daɓas cikin ɗanyen kashin shanu, da farar shaddata, hula ta yi nata wuri. Ɗan'ige ya ce, “Ku ƙyale shi ya ci. Duk garin ga shi kaɗai karatun Malam ya amfana.”

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Kawu ya ratso mutane ya miƙo mini hannu ya tashe ni. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya saura daga shi sai 'yar shara, ya zura mini ita ta rufe bayana. Sannan ya juya ya dubi rumfar ya ce, “Ya isa hakanan. Ɗana na.” Wallahi kamar an zuba wa wuta ruwa. Ɗan'ige da kansa ya ɗauko mini hulata ya kaɗe.

Na kama Kawu da magiya a sayar ko nawa ne, in ya so in nemo ciko. Ya ce a'a. Ya ce ko an sayar kuɗin ba za su kai ba, mu tashi ba bijimi ba ido, kuma ba a gyara ɓarna da ɓarna. Ya kwance Auta muka kama hanyar gida, shi a gaba da igiya, ni a baya cikin rigarsa ina jan ƙafa.

A hanyar nan ne na yi karatun da ban yi a kwaleji ba. Ban tambaya ba ma, shi ya fara, kamar da bijimin yake magana. Ya ce shi ma da wata yake aiki tun kafin a haife ni. Watan da azumi ke bi masa, aure ake ta ɗaurawa, mahauta ba sa zama, a nan sa mai ƙiba ke daraja. Watan Layya na rago ne, amma wanda ya jira jajibere ya sha mamaki, ranar kowa ya fito da nasa. Akwai kuma watan gwamnati, wanda ba ya fitowa a sama, satin da aka yi albashi tukunyar kowa na son nama. Duk wannan a kansa yake, ba littafi ba kwali. Ya ce, “Wata ba shi taɓa kuɗɗi, Malam. Hanya shi ka haskawa, mutane su biyo ta. In kana son sanin kasuwa, tambayi wa ka tahowa, kuma mi yak koro shi.” Can kuma ya tambaye ni ko mutumin nawa na cikin waya ya taɓa sayar da ko akuya. Na ce ban sani ba. Ya ce to.

Muna shiga gida Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Ba ta gan mu ba, amma ta san takun abinta. Ta ce, “Auta ya dawo?” Kawu ya fara rufa mini asiri, wai kasuwa ce ta ƙi. Na ce a'a, ni ne. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da benci, har da kwali. Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, “To, Allah bai yi ba. A ba shi ruwa, ya sha rana.” Shi ke nan abin da ta ce. Da ta ɗauki muciya ta rafka mini, da na fi jin daɗi.

Ranar likita ta wuce mu. Da na je neman wata, sai bayan sati biyar aka samu. Kawu ya mai da Auta kara da duhun wata, daidai shigowar Sha'aban, kuma tun a gida ya faɗa wa Inna abin da za a saya. Abin da ya faɗa kuwa shi aka saya, ya ma ɗara tayin farko. Ni ranar ina makaranta, ba wanda ya gayyace ni, ni ma ban nema ba.

Amma haihuwa ba ta jira ba. Hadiza ta sauka lafiya, mace. Ranar suna da safe na shiga cikin gida kai goro, na tarar an miƙa wa Inna jaririyar. Ta rungume ta, ta kawo ta dab da fuskarta, ta karkata ta wajen haske, ba ta ga komai ba sai inuwa. Sai ta sa yatsu tana bin fuskar a hankali, goshi, gira, kunne, hanci. Ta ce, “Hancin ubanta ta ɗauko. Allah shi sa kan Kawun ubanta za ta biyo.” Mata suka kwashe da dariya, ita ma tana dariya. Ni na ajiye goron na zagaya bayan ɗakuna wajen turken da ba kowa, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Abu ɗaya tsohuwar nan ta roƙa a duniya, ni da ta sayar da awakinta ta kai makaranta na hana ta da kwalin sabulu.

An yi aikin daga baya, kuma Allah ya sa an dace. Ranar da aka cire bandeji muka dawo gida, ko mayafi ba ta cire ba ta ce a kawo mata yarinyar. Ta daɗe tana kallonta, har sai da Hadiza ta fara share ido. Daga nan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da kallo, ta ce wa Kawu ya tsufa, ta ce mini na yi tumbi.

Bayan kamar sati guda aka shiga azumi. Rana ta biyu mun sha ruwa muna zaune a tsakar gida, Kawu ma ya zo, sai na ga Inna ta ɗaga kai wajen yamma ta kare ido da hannu. Jinjirin wata ne, siriri, a saman katanga. Shekara uku rabonta da shi. Ta nuna shi da yatsa ta ce, “Malam, ga maigidanka can ya hito. Tashi ka gaishe shi, ka tambayo muna kuɗɗin gero.” Kawu da bai yi dariya a kara ba, ranar sai da goro ya sarƙe shi.

Na fita daga zauren nan na waya tuni (na ji an ce mai kwat ya bar wata ya koma kan wani tauraro, Allah ya ba mabiyansa haƙuri). Sunan Malam Farin Wata dai ya bi ni, har takardar gayyatar biki da shi ake rubuto mini, ni na ce su canza mini suna kuma sun cika alkawari. Yanzu duk ranar kasuwar da ba ni da aji, nakan je rumfar dillalai in zauna a ƙarshen bencin da na taɓa hawa, in saurari Kawu, bakina a rufe. Abin da na koya bai fi biyu ba. In dattijon da ya shekara arba'in a kara ya ce maka sayar, ka ce masa don me kafin ka buɗe kwali. In kuma ka riga ka buɗe, to kada ka juya wa bijimi baya da iliminka a hannu.